Daga Bokitin Ruwan Gishiri zuwa Agogon Hannu

A shekarar 1905, a garin Leiden na ƙasar Holan, an zaunar da wani mutum a asibitin jami'a, aka tsoma hannuwansa cikin ruwan gishiri, aka ja igiyar tarho daga nan har ɗakin binciken Willem Einthoven mai nisan kusan kilomita ɗaya da rabi. A can na'urar auna bugun zuciyar take, domin ba ta ɗaukuwa. Nauyinta ya kai kilo 270, sai an riƙa sanyaya maganaɗisunta da ruwa, kuma mutum biyar ke sarrafa ta. A tsakiyar wannan tulin ƙarfe akwai wani zare da aka shafe da azurfa, wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. 'Yar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa duk lokacin da ta buga ita ke kaɗa zaren, inuwarsa ta faɗa kan farantin hoto mai tafiya, ta bar zane mai hawa da sauka. Kafin Einthoven, Augustus Waller ya ɗauki irin wannan zane daga jikin mutum a Landan a 1887, sai dai nasa ya yi dishi-dishi, shi kansa bai zaci zai amfani likita ba. Einthoven ne ya tsaftace zanen, ya raɗa wa tudu da kwarinsa haruffan P, Q, R, S da T da ɗaliban likitanci ke haddacewa har gobe, aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Wannan shi ne asalin gwajin da ake kira ECG a asibitocinmu.

Abin lura a ranar ta Leiden shi ne aiki biyu aka haɗa. Akwai ɗauko saƙon zuciya a kai shi nesa, akwai kuma mutumin da ke zaune a ɗaya bakin igiyar, wanda zai kalli zanen ya san ma'anarsa, ya san abin da ya kamata a yi wa mai zuciyar. Shekara ɗari da ashirin da suka biyo baya, injiniyoyi sun gama da aikin farko har sun wuce gona da iri: abin da ke cika ɗaki yanzu yana ɗaure a wuyan hannun miliyoyin mutane, ba igiya, ba bokiti. Aiki na biyu kuwa bai yi wannan saurin ba, kuma a ganina shi ne ya riƙa yanke hukunci a kowane zango na wannan tarihi. Inda aka sa ido kan zuciyar wanda ke cikin haɗari na gaske, aka kuma tanadi hannun da zai kai ɗauki da maganin da aka tabbatar, an ceci rayuka masu yawa. Inda aka ɗauka cewa ganin abu a takarda ya isa hujjar ba da magani, an yi asara, wani lokaci ma ta rayuka.

Matsalar da ta haifi na'urar ɗaurawa a jiki mai sauƙin fahimta ce. Zuciya na bugawa kusan sau dubu ɗari a kwana guda, gwajin asibiti kuma daƙiƙa goma yake ɗauka, wato bugu goma sha wani abu, mutum yana kwance shiru. Alhali cututtukan da ke rikita tsarin bugun zuciya da yawansu zuwa suke su tafi. Mace ta faɗi sumammiya a kasuwa, kafin a kai ta asibiti zuciyar ta koma daidai. Dattijo ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku cikin dare, da safe likita ya auna ya ce lafiya lau. Wanda ya ɗauki wannan matsala da gaske ba likita ba ne. Norman Jefferis Holter, haifaffen 1914 a Helena ta jihar Montana a Amurka, kimiyyar sinadarai da fiziya ya karanta. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da Joseph Gengerelli a Los Angeles, suna motsa jijiyar kwaɗo daga nesa ba tare da sun taɓa ta ba. A lokacin yaƙi ya yi wa rundunar ruwa binciken igiyar teku, a 1946 kuma yana cikin masu aune-aune a gwajin bam ɗin nukiliya na tsibirin Bikini. Da ya koma gida a 1947 sai ya buɗe ɗakin bincike da kuɗin aljihunsa, ya juya tambayar kwaɗon: in ana iya aika saƙo cikin jiki ta iska, me zai hana a ɗauko shi daga jiki ta iska? Garinsa na masu haƙar ma'adinai ne, kuma da harshensu ya bayyana damuwarsa, cewa ba a sanin arzikin dutse guda da auna tsakuwa ɗaya.

Na'urarsa ta farko jaka ce da ake goyawa a baya, mai nauyin kilo 38, mafi yawansa batura. Tana ɗaukar bugun zuciyar mai goyon ta watsa shi ta rediyo zuwa wata na'ura da ke kusa. Babu mai ciwon zuciyar da zai iya yawo da wannan kaya, amma ta nuna abin yana yiwuwa. Zuwan taransista a shekarun 1950 ya sa kayan suka yi ta ƙanƙancewa, daga baya Holter da abokin aikinsa Wilford Glasscock suka ajiye rediyon gaba ɗaya, suka koma naɗar bugun a tef cikin wani ɗan akwati da ake ratayawa. A nan suka ci karo da abin da zai dami wannan fanni har yau. In an naɗi bugun awa goma, wa zai zauna awa goma yana kallo? Dabarar da suka ɓullo da ita ita ce, a ganina, ta fi na'urar kanta muhimmanci. Suka riƙa juya tef ɗin da saurin da ya ninka na asali sau sittin, kowane bugu yana faɗawa kan na gabansa a fuskar allo, ta yadda zuciya mai tafiya daidai za ta fito kamar hoto ɗaya tsayayye, da zarar bugu ya kauce kuma hoton ya yi tsalle. Suka haɗa da sauti, kunne na jin amon ya canja kafin ido ya gani. Awa guda ta koma minti guda. Holter ya wallafa aikin a mujallar Science a 1961, kamfanin Bruce Del Mar na California, wanda asalinsa kayan jirgin sama yake ƙerawa, ya fara sayar da na'urar a farkon shekarun 1960. Har yanzu likitoci a duk duniya Holter suke ce mata.

A daidai wannan lokaci tseren zuwa sararin samaniya yana tura fasahar gaba ta wata hanya. Tarayyar Soviet ta saurari bugun zuciyar karya Laika a 1957, ta saurari na Yuri Gagarin a ranar 12 ga Afrilu 1961. Lokacin da Neil Armstrong ke sauke kumbonsa a kan wata a 1969, likitoci a Houston suna ganin zuciyarsa na buga 150 a minti. A tafiyar Apollo 15 ta 1971 sun hango bugun James Irwin ya rikice bayan wahalar da ya sha a doron wata, aka zargi ƙarancin sinadarin fotashiyam, shi ya sa 'yan tafiya ta gaba aka cika musu abin sha da shi. Mutum uku ne a sama, likitoci cike da ɗaki a ƙasa, ba wani bugu da zai wuce ba a gani ba.

Amma babbar nasarar sa ido kan zuciya dare da rana a ɗakin asibiti aka same ta. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, na ƙasan ne ke harba jini zuwa jiki. Wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe, abin da ya fi saurin kashe shi a kwanakin farko shi ne ɗakunan ƙasa su daina matsawa su kama karkarwa; jini ya tsaya, cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta mutu. Zuwa 1960 an riga an san maganin wannan. Paul Zoll ya nuna a 1956 cewa ana iya dawo da zuciya hayyacinta da jan lantarki ta kan ƙirji, masu bincike a jami'ar Johns Hopkins kuma sun nuna a 1960 cewa danna ƙirji da hannu na riƙe rai kafin na'ura ta iso. Abin da ya rage shi ne a san lokacin. Desmond Julian ya kawo shawara a 1961 cewa a tara irin waɗannan marasa lafiya wuri ɗaya, a jona kowa da allo mai ƙararrawa, ya kuma fara aiwatarwa a Sydney ta Ostareliya. Hughes Day ya buɗe nasa ɗakin a Kansas City a 1962. Darasin da ya fi jan hankalina daga New York ya fito, inda Thomas Killip da John Kimball suka tarar da farko ɗakin nasu bai rage mace-mace yadda aka zata ba. Allo na nunawa, ƙararrawa na kaɗawa, amma nas ba ta da izinin taɓa na'urar lantarki sai ta nemo likita. Da aka koya wa ma'aikatan jinya karanta zanen, aka ba su ikon jan wutar da kansu, sai alƙaluma suka sauya. A cikin shekaru kaɗan, mutuwar masu toshewar jijiyar zuciya a asibiti ta sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa wajen kashi 15. Allon da ke ɗakin kafin a ba nas izini shi ne dai bayan an ba ta.

Wannan nasara ce ta haifi kuskure mafi muni a tarihin fannin, kuma ta haife shi ne ta hanyar tunani mai kama da gaskiya ta kowace fuska. Likitoci sun lura cewa wanda ya tsira daga toshewar jijiya, aka sallame shi, aka rataya masa Holter, in tef ɗin ya nuna yawan bugun da ke zuwa kafin lokacinsa daga ɗakunan ƙasa, ya fi wanda ba shi da su haɗarin mutuwar fuju'a. Wannan gaskiya ne, bincike da dama ya tabbatar. Bernard Lown, ɗaya daga cikin manyan likitocin zuciya na zamaninsa, har matakai ya tsara wa irin wannan bugun gwargwadon haɗarinsa a 1971. To ga alamar haɗari ana gani ƙuru-ƙuru, ga kuma sababbin magunguna, encainide da flecainide, waɗanda in an sha sai tef ɗin ya fito tsaf, ƙarin bugun ya ɓace. Wa zai ce kada a ba da su? A shekarun 1980 an riƙa rubuta irin waɗannan magunguna ga ɗimbin mutane a Amurka. Da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta shirya gwada su da gaske, wasu likitoci ƙin shigar da marasa lafiyarsu suka yi, suna ganin zalunci ne a hana mutum maganin da kowa ya san yana aiki.

Binciken, wanda ake kira CAST, ya fara ɗaukar mutane a 1987. Sai wanda aka tabbatar maganin ya kwantar masa da ƙarin bugun ake shigarwa, sannan a yi ƙuri'a: wasu su ci gaba da maganin, wasu a ba su ƙwayar da babu komai a cikinta. A watan Afrilun 1989 masu sa ido suka tsayar da ɓangaren waɗannan magunguna biyu tun wa'adi bai cika ba. Cikin mutum 1,498 da aka bi na kimanin wata goma, 63 sun mutu ko zuciyarsu ta tsaya a cikin masu shan maganin, 26 a cikin masu shan ƙwayar banza. Maganin ya yi abin da aka ce zai yi, ya goge abin da na'ura ke gani, kuma ya ninka mutuwa fiye da sau biyu. Na'urar Holter ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya a wannan lamari. Ƙarin bugun yana nan, kuma alama ce ta zuciyar da ta ji rauni. Mutane ne suka ɗauki alamar a matsayin cutar, suka yi ta yaƙi da ita, shekaru suna tafiya ba wanda ya tsaya ya ƙirga gawarwaki, domin wanda ya mutu da ciwon zuciya bayan ciwon zuciya ba mai zargin magani. Duk mai son ya yi magana kan agogon zamani da filastar ƙirji masu sauraron zuciya ya kamata ya fara da wannan labari, kuma abin takaici ne yadda masu tallar kayan ba sa ambatonsa.

Ta fuskar ƙira kuwa, abubuwa sun ci gaba da gudu. A Finland, Seppo Säynäjäkangas ya kafa kamfanin Polar a 1977 don masu wasan zamiya kan ƙanƙara, a 1982 suka fitar da maɗaurin ƙirji mai aika bugu zuwa agogon hannu ba tare da igiya ba. A 1998 kamfanin Medtronic ya kawo wata 'yar na'ura da ake cusawa ƙarƙashin fatar ƙirji ta yi ta sauraro fiye da shekara, waɗanda suka biyo bayanta kuma har shekara uku. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da filastar Zio, wadda ake mannawa a ƙirji a yi wanka da ita, a yi barci da ita, har kwana goma sha huɗu. Hankalin likitoci kuma ya koma kan wata cuta dabam, karkarwar ɗakunan saman zuciya. Ita ba ta kisa nan take. Illarta ita ce jini na kwanciya a wani lungu na zuciya ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Dogon binciken garin Framingham ya nuna tana ninka wannan haɗari kusan sau biyar, maganin tsinka jini kuma yana rage shi sosai. Sau da yawa tana zuwa ta tafi mai ita bai sani ba.

A nan dogon sauraro ya nuna amfaninsa ba tantama, a wajen waɗanda ɓarin jikinsu ya riga ya shanye aka rasa dalili. A binciken CRYSTAL-AF na 2014, mutum 441 aka raba biyu. Cikin wata shida, na'urar ƙarƙashin fata ta kama karkarwar a kashi 8.9 cikin 100, binciken da aka saba yi ya kama a kashi 1.4, bayan shekara uku tazarar ta kai kashi 30 da kashi 3. Haka wanda ke yawan suma ba a san dalili ba, in na'ura ta kama zuciyarsa ta yi shiru na daƙiƙoƙi a daidai lokacin da ya faɗi, an san batirin zuciya yake buƙata, a dasa masa ya huta. Duk waɗannan mutane ne da suka zo da tambaya, na'ura ta ba da amsa.

Agogon zamani ya juya tsarin. Yawancinsu ba wutar zuciya suke aunawa a kowane lokaci ba. Wani koren haske ne ke walƙiya a bayan agogon ya shiga fata, jinin da ke kumbura jijiya a kowane bugu ya shanye wani kaso, 'yar na'ura ta auna abin da ya dawo. Dabarar tsohuwa ce, Alrick Hertzman ya bayyana ta tun shekarun 1930. Sabon abu shi ne yawan masu ɗaurawa, da kuma cewa akasarinsu lafiyarsu ƙalau. A 2018 Apple ta ƙara wa agogonta damar ɗaukar zanen ECG in an ɗora yatsa a gefensa na daƙiƙa talatin. Binciken da ta yi da jami'ar Stanford, wanda aka wallafa a 2019, ya tara mutum 419,297 cikin wata takwas, adadin da ba a taɓa mafarkinsa ba a zamanin Holter. Cikinsu 2,161 ne agogo ya gargaɗa. Aka aika wa waɗanda suka amsa kira filastar ƙirji don tabbatarwa, 450 kaɗai suka mayar da ita da abin karantawa, a kashi 34 cikin 100 na waɗannan aka ga karkarwar. Sakamakon ba abin kunya ba ne, tunda cutar zuwa take ta tafi, kuma agogon bai cika kururuwar banza ba. Amma a dubi su wa suka shiga: fiye da rabi ba su kai shekara arba'in ba, waɗanda suka kai 65 kuwa, inda cutar ta fi yawa, kusan kashi 6 ne kawai. Kuma binciken bai auna ko an hana shanyewar jiki ko guda ɗaya ba, domin ba a tsara shi don haka ba.

Waɗanda suka auna wannan 'yan Denmark ne. A binciken LOOP da ya fito a 2021, an ɗauki mutum 6,004 masu shekara 70 zuwa 90, kowannensu da hawan jini ko ciwon suga ko makamancinsu, aka dasa wa kashi ɗaya cikin huɗu na'urar sauraro, duk wanda aka kama da karkarwar minti shida aka ba shi shawarar fara maganin tsinka jini. Bayan fiye da shekara biyar, an gano cutar a kashi 31.8 na masu na'ura da kashi 12.2 na sauran, wato kusan ninki uku. Shanyewar jiki da danginta kuwa kashi 4.5 ne da kashi 5.6, bambancin da bai kai a rantse ba sa'a ce ta kawo shi ba. A 2023 wasu bincike biyu suka gwada maganin kai tsaye a kan masu gajeriyar karkarwar da na'ura kaɗai ke gani. An tsayar da NOAH-AFNET 6 da wuri saboda zubar jini ya ƙaru ba tare da wata riba bayyananniya ba. ARTESiA ya samu raguwar shanyewar jiki da kusan kashi 37 cikin 100, tare da ƙaruwar zubar jini mai tsanani. Abin da ya fito fili shi ne karkarwar minti goma da na'ura ta tsinta cikin shekara haɗarinta bai kai na wadda likita ya tarar a gwajin daƙiƙa goma ba, ko da sunansu ɗaya. Duk alƙaluman da aka gina magani a kansu daga irin ta biyun aka samo su.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce rigakafi ya fi magani, kuma zai kawo labarin mutanen da agogo ya tashe su suka je asibiti aka tarar da cuta ta gaske. Labaran nan da yawansu gaskiya ne, ban kuma raina ran mutum ɗaya ba. Sai dai labari irin wannan gefe guda kawai yake iya nunawa. Wanda aka ba maganin tsinka jini saboda abin da ba zai taɓa cutar da shi ba, jini ya ɓalle masa a ciki ko a ƙwaƙwalwa, ba ya fitowa a talla, shi da iyalansa ma ba za su san daga ina abin ya faro ba. Haka matashin da ya kwana yana duba wuyan hannunsa cikin fargaba, ya bi layin likitan zuciya ya tare wa mai ciwo na gaske wuri. Likitocin shekarun 1980 ma suna da labaran marasa lafiyar da suka sha flecainide suka rayu. Rigakafi na gaske shi ne wanda aka ƙirga ribarsa da asararsa a kan mutane da yawa, shi ya sa kwamitin da ke ba Amurka shawara kan gwaje-gwajen rigakafi ya ce a 2022 hujjar da ke hannu ba ta isa a ce a riƙa neman wannan cuta a jikin waɗanda ba su da alama ba.

Wani kuma zai ce matsalar mai karantawa ta ƙare, tunda ƙirƙirarriyar basira na iya tace bugu miliyan cikin ƙiftawar ido. Gaskiya ne kwamfuta ta gaji aikin allon Holter, ta kuma fi shi nesa. Amma a CAST ba karatu aka kasa ba, a LOOP ma haka. An karanta daidai, sanin abin yi ne ya gagara, wannan kuwa sai an bi mutane shekaru ana ƙirgawa. Akwai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye, mu masu baƙar fata. Na'urar da ke aiki da haske dole hasken ya ratsa fata, launin fata kuma na shanye shi. A ƙarshen 2020 masu bincike a jami'ar Michigan suka nuna cewa 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini tana kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙaƙe kusan ninki uku na yadda take kasawa a jikin farare, bayan an shafe shekaru ana dogaro da ita a kowane asibiti. Game da ƙirga bugu da agogo sakamakon bincike ya sha bamban, wasu sun ga tasirin launin fata, wasu ba su gani ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin a nemi kowane kamfani ya faɗi a kan fatar wa ya gwada kayansa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta wuraren da likitan zuciya ya yi ƙaranci, kuma ita na fi yarda da ita. A ƙasashen da mutum zai yi tafiyar yini kafin ya ga na'urar ECG, fargabar gwaji ya yi yawa ba ta taso ba tukuna. A Kamaru, wani matashin injiniya, Arthur Zang, ya ƙera Cardiopad: nas a asibitin ƙauye ta manna wa mara lafiya 'yan maɓallai a ƙirji, su aika zanen ba igiya zuwa allon hannu, allon ya tura ta layin wayar salula zuwa likita a birni, amsa ta dawo. Zang ya samu kyautar Rolex a 2014 da kyautar injiniyoyin Afirka a 2016. Tsarin Leiden ne ya dawo da kayan zamani, mara lafiya mai alama a wannan baki, masani a wancan. A arewacin Najeriya kuma akwai buƙatar da ta fi ta agogon masu motsa jiki gaggawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda raunin zuciya ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki fiye da kusan ko'ina a duniya, kuma alamunsa, kumburin ƙafa da haki da kasala, su ne ake ɗauka gajiyar jego ce har sai abu ya yi nisa. Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda aka yi a asibitoci shida na Najeriya kan mata masu ciki da masu jego sama da 1,200, ya gwada abin sauraron ƙirji na zamani mai ɗaukar zanen zuciya, kwamfuta na tacewa. An gano raunin zuciya a kusan kashi 4 cikin 100, ninki biyu na abin da aka gano ta hanyar da aka saba. Mata ne da aka san suna cikin haɗari, cuta ce mai magani, kuma yawancin magungunan ba su da tsada.

Ko a nan sharaɗin bai canja ba. Matar da na'ura ta nuna zuciyarta ta raunana tana buƙatar hoton zuciya don tabbatarwa, da wanda ya iya ɗaukarsa, da maganin da za ta samu wata bayan wata. Karkarwar saman zuciya a Afirka sau da yawa a jikin matasa ake ganinta, waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba ya lalata musu ƙofofin zuciya. Binciken INVICTUS na 2022, wanda aka yi kan mutum sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna irin waɗannan tsohon magani warfarin ya fi yi musu amfani a kan sabon da aka gwada, shi kuma warfarin sai ana auna jini a kai a kai ana daidaita shi, in ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan ya daskare. Ma'aikatar lafiyar da za ta sayi filastar ƙirji dubu ya kamata kasafinta ya nuna nas nawa za a horar su karanta, likita nawa za su amsa kira, da ɗakin gwajin jini nawa ke aiki tsakanin ƙauyen mara lafiya da babban asibiti.